Ɗan Aladen Takarda

Nata'ala ya yanke ɗan alade daga cikin littafin 'yarsa da wuƙar yankan fata, wuri talatin da ɗaya, bai kuma juya ko shafi guda ya duba abin da ke bayan hoton ba. Abin da ya faru ke nan. Bai daki kowa ba, bai zagi kowa ba. Shi a ganinsa ma gyara ya yi.

Baduku ne ɗan baduku, daga unguwar Dukawa a cikin birnin Kano. Aji uku ya yi a firamare, ubansa ya ce ya isa haka, ya zo ya riƙe basilla. Yanzu shekararsa hamsin da biyu, goma sha tara daga ciki a Landan ya yi su, a wani ɗan akurkin shago kusa da tashar Charing Cross, inda yake sa wa takalma dunduniya yana yankan mukulli. In ya buɗe hannu biyu sai ya taɓa bango da bango. Ma'aikatan ofisoshin jakadanci na kawo masa takalma, su tsaya da safa a kan kwali suna latsa waya, ba mai ce masa komai ban da "yaushe zan karɓa". Turancinsa na aiki ne. Ya san dunduniya, ya san mukulli, ya san gobe. Karatu kuwa, zai gane lambar bas da sunan unguwa, abin da ya wuce haka sai ya nemi wani ya duba masa.

Ɗaki ɗaya gare shi a Peckham, a saman wani shagon kitso. Shi da Jamilatu sun rabu shekara biyu da suka wuce, ba da tashin hankali ba, zaman ne kawai ya ƙi. Ita tana Catford da 'yarsu Na'ima, mai shekara bakwai. Ba su je kotu ba. Ranar da ya kwashe kayansa Jamilatu ta tsaya a bakin ƙofa ta gaya masa magana ɗaya.

"Baban Na'ima, duk Asabar ɗin da ta ce za ta zo wurinka, ni zan kawo ta da ƙafata. Ranar da ta ce ba ta zuwa, ba zan ja ta ba. Ka ji ni da kyau."

Ya ce ya ji. Don haka Asabar ɗin nan ita ce duk abin da yake da shi. Daga Lahadi zuwa Juma'a rediyo ne da ƙarar injin mukulli da hayaniyar masu kitso ta ƙasan bene.

Watannin farko Asabar ɗin ma ba ta yi daɗi ba. Yarinyar tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa, kuma Turancin yaran nan gudu yake yi, rabi yake kamawa rabi ya wuce shi. Zai ce, "Ya makaranta?" Ta ce lafiya. Ya ce, "Kin ƙoshi?" Ta ɗaga kai. Sai su zauna, ita a kan gado tana kaɗa ƙafa, shi a kan kujera yana kallon ƙafar, har ƙarfe biyar ta yi uwar ta zo. Yakan raka su tashar bas ya dawo yana jin haushin kansa, ya rasa wanda zai ɗora wa laifi.

Littafin ne ya canza abin. Akwai wata tsohuwa da ke zaune a ƙasan su Jamilatu, Mama Tabitha, mutuniyar Zonkwa, nas ce da ta yi ritaya. Ita ke riƙe Na'ima in uwar tana wurin aiki, ita ta koya mata karatu tun kafin makaranta ta koya mata. Da ta rasu a farkon hunturu, 'ya'yanta suka hawo sama da wani tsohon littafi suka ce ta ce a ba yarinyar. Littafin yara ne irin na Turawan da, bangonsa ya sha hannu, takardar ta yi ruwan ƙasa. Labarin wani tedi ne, irin na wasan yara ɗin nan mai kunne zagaye, da abokansa dabbobi. Akwai jaki, akwai zomo, akwai mujiya, akwai kuma wani ɗan mitsitsin alade da ba ya rabuwa da tedin.

Ranar da Na'ima ta fara zuwa da shi, ta hau kusa da uban ta buɗe a kan cinyarsa, ta sa yatsa a kan jakin ta ce da Turanci, mene ne sunan wannan da Hausa.

"Jaki."

"Jaki," ta maimaita.

"Wannan jakin na san shi," in ji Nata'ala. "Na Malam Wahid ne mai ɗaukar yashi a Ƙofar Mata. Kin ga yadda ya sunkuyar da kai? Tun safe bai ci dusa ba."

Ta kwashe da dariya har tana bugun kafaɗarsa. Ta ce ba haka aka rubuta ba, ta karanta masa na gaskiyan da Turanci, yatsanta na bin layi. Bai gane duka ba, bai kuma damu ba. Shafi na gaba ya sake ƙirƙiro nasa. Zomon ya zama ɗan kamasho a kasuwar Kurmi. Tedin ya zama wani kawunsa mai tumbi da ba ya wuce gidan biki. Mujiyar ce ya ɗan yi jim a kanta, don a garinsu ba a son ganinta, amma da ya ga ta sa fuskar malaman ofis sai ya ce akawun kotu ce. Haka suka samu hanya. Ita ta karanta na Turawa, shi ya kawo na Dukawa, ta ce ƙarya yake yi, ya rantse da rawanin kakansa wanda bai taɓa yin rawani ba. A cikin wasan nan ne kawai bakinta ke sakin Hausa. Jaki, zomo, zuma, tumbi, "Baba ƙarya ne". Yakan kwana biyu yana jin muryar a kunnensa yana aiki.

Aladen ne kaɗai ba ya taɓawa. In suka zo kansa sai ya ɗora babban yatsa ya rufe shi, ya ci gaba da labarin sauran. Ta taɓa tambayarsa sunansa da Hausa, ya ce wannan ba shi da suna. Ta ce ai shi ne babban abokin tedin, ƙarami ne, kullum tsoro yake ji, amma ba ya gudu ya bar kowa. Nata'ala ya ce to, ya juya shafi. Ita ta ɗauka wani wasan ne na Baba.

Wata Asabar, uwar tana ƙasa tana jira, Na'ima ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana kallon kujerarsa ɗaya da kofinsa ɗaya. Ta tambaye shi wa yake yi wa magana in ba ta nan.

"Mutane da yawa," ya ce.

Ba ta yarda ba. Ta ciro littafin ta ajiye masa a kan filo. Ta ce ya riƙe har Asabar mai zuwa, ya riƙa kallon hotunan, ya shirya sababbin ƙarairayi. Ba ta taɓa kwana ba tare da littafin nan ba tun rasuwar tsohuwar, shi ma ya sani. Ya tsaya a taga har bas ɗinsu ya sha kwana.

Ya riƙa yawo da shi a jakar aikinsa. Ranar Laraba da yamma ya biya Rye Lane sayen naman da zai dafa mata, wurin Issahaku mahauci, mutumin zangon Kumasi, wanda bakinsa ba ya hutawa kamar wuƙarsa. Akwai mutum uku ko huɗu a shagon, duk idon sani. Nata'ala ya buɗe jaka zai sa nama, littafin ya leƙo.

"A'a, Bakano ya shiga makaranta!" in ji Issahaku. "Kawo mu gani. Da tsufa kake so ka zama lauya?"

Da ya sani da ya rufe jakarsa. Amma yana so a san 'yarsa ta ba shi ajiya. Ya miƙa, yana cewa na Na'ima ne, ita ke karanta masa. Issahaku ya goge hannu a gaban riga, ya buɗe, ya yi shafi biyu, sai ya tsaya ya ware ido.

"Kai! Jama'a ku zo ku ga abu. Alade ne wannan ko idona ne? Ga shi nan, ga shi nan kuma. Har riga an sa masa!" Ya ɗaga littafin sama. "Malam Nata'ala, kai da kake tambaya na sau uku wa ya yanka rago kafin ka saya, ashe alade kake ɗauka a jaka kana yawo. Yarinyar ka yana kwana da shi a ƙirji, kai kuma ka kawo shi shagon halal. Fita da shi kafin hukumar council ta rufe mini shago!"

Shagon ya ɗauki dariya. Wani ya ce haka yaran ƙasar nan suke farawa, yau hoto gobe faranti. Wani ya ce a bar mutum ya sarara. Nata'ala bai yi dariya ba. Ya karɓi littafinsa, ya ɗauki namansa, ya fita. Issahaku na kiransa daga baya yana cewa ya dawo ya karɓi ƙashin miya kyauta, bai waiga ba.

Shi mutum ne da in magana ta shige shi ba ta fita. A bas ya yi ta juya ta. Yau hoto gobe faranti. Yarinya tana tashi a gidan da ba ya nan, tana cin abincin makaranta da bai gani ba, tana magana da harshen da ba ya kamawa. Wannan ɗaya dai ga shi a hannunsa, kuma aikin hannu ne, abin da ya iya. Bai yi tunanin ƙona littafin ba, bai yi tunanin ɓoye shi ba. Yana son littafin. Abu ɗaya ne a ciki bai dace ba, kuma a sana'arsu in fata tana da tabo ba a yar da ita, yanke wurin ake yi a yi aiki da sauran.

Ranar Alhamis da hantsi aiki ya yi sauƙi. Ya share teburin, ya wasa wuƙarsa, ya sami wani ɗan faifan roba ya riƙa zura shi a ƙarƙashin kowane shafi don kada wuƙar ta taɓa na ƙasa. Ka ga, har wannan ya yi tunaninsa. Ya bi jikin aladen a hankali, kunne, hanci, 'yar rigar, ƙafafu. Inda tedin ke riƙe da hannunsa, ya raba su ba tare da ya taɓa yatsan tedin ba. Aiki ne mai tsabta, wanda ubansa da ya gani da ya gyaɗa kai. Rubutun da ke gefen hoto bai taɓa ko harafi ɗaya ba, ya kiyaye wannan ƙwarai. Abin da bai zo masa a rai ba shi ne takarda fuska biyu gare ta. Fata ba a aiki da bayanta. Shi kuma duk zamansa da littafin nan hoto yake kallo, rubutu a wurinsa ado ne.

Da ya gama ya tattara 'yan aladun a tafin hannu, ya zuba su a kwandon shara tare da tarkacen roba da tsofaffin dunduniyoyi, ya wanke hannu. Sannan ya dubi bangon littafin da ya fara rabuwa, ya ce bari ya cika alheri. Ya ɗauko wata jar fatar akuya da ya zo da ita daga gida tun tuni yana ajiya, ya yi wa littafin sabuwar riga, ya ɗinke gefen da zare, ya buga 'yan taurari a kusurwa irin na jakar Kano. Har bayan la'asar yana kai. Wani mai kawo takalmi ya tambaya ko na sayarwa ne, ya ce a'a, na 'yarsa ne.

Asabar ta zo. Ya dafa shinkafa da miyar nama tun da wuri. Na'ima ta hawo bene da gudu, ko takalmi ba ta cire ba ta ce ina littafinta. Ya ciro shi daga ƙarƙashin filo ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta ga jar fatar ta buɗe baki. Ta shafa taurarin, ta shinshina, ta ce da Hausa, "Baba, kyau!" Ta rungume shi a wuya. Wannan rungumar ya daɗe yana tunawa da ita.

Ta hau gado ta buɗe shafin farko. 

A inda ɗan aladen yake tsaye, yanzu wata 'yar taga ce mai siffarsa, kunne da hanci da komai, kana hango rubutun shafin gaba ta ciki. Ta sa yatsa a ciki, yatsan ya fito ta baya. Ta juya shafin. A bayan, tsakiyar rubutun ya tafi. Layi shida, kowanne yana da farko yana da ƙarshe, babu ciki. Ta gwada karantawa, ta yi kalma uku ta faɗa ramin, ta tsallaka, abin da ta tarar a ɗaya gefen bai haɗu da na farko ba. Ta juya wani shafin. Ta juya wani. Tana juyawa da sauri yanzu, takardar na kaɗawa kamar tsumman da ɓera ya ci.

Nata'ala yana tsaye da cokalin miya a hannu. A lokacin ne ya fara ganin bayan shafin.

"Saura duk suna nan," ya ce. "Ga jaki. Ga kawu mai tumbi. Ba wanda na taɓa."

Ba ta ji shi ba. Ta tsaya a wani shafi tana kallon wani ɗan rubutun fensir a gefen ramin, rabin kalma da rabin lamba. Ashe Mama Tabitha, duk shafin da yarinyar ta fara karantawa ita kaɗai ba taimako, takan rubuta kwanan wata da 'yar kalmar yabo da fensir, a duk inda ta sami fili tsakanin layuka. Da yawansu sun faɗo daidai bayan hotunan. Shi bai taɓa lura da su ba. Fensir ne, ya dushe, kuma rubutu ne.

Ta ɗago. Ba ta yi kuka irin na yara ba, da ya fi masa sauƙi. Ta tambaye shi da Turanci, a hankali yadda zai gane kowace kalma, ina ya sa shi.

"Na'ima, alade ne. Haram ne. Mu Musulmi ba ma..."

Ta ce ina ya sa shi.

"Na zubar."

Ta dube shi ta ce, takarda ce fa, Baba. Ba wanda zai ci shi.

Sai ya ɗaga murya, don abin da ya saba ke nan in ya rasa hanya. Ya ce shi ubanta ne, ya san abin da ya dace da ita, wata rana za ta gode masa. Ta rufe littafin, ta sa shi a cikin rigar sanyinta ta ja zif har wuya. Ta ce ya kira mata mamanta. Shinkafar ko taɓa ta ba ta yi ba. Ta zauna a matakalar bene ta jira, masu kitso na wucewa suna tambayarta lafiya.

Jamilatu ta iso kafin azahar. Ta sa yarinyar ta jira a ƙasa, ta hawo, ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba.

"Baban Na'ima, me ka yi haka?"

"Abin da ya kamata ki yi tun tuni. Kin bar yarinya tana kwana da alade."

"Ni ma Musulma ce, ba kai kaɗai aka yi wa wahayi ba. Kullum sai na duba abin da za ta ci a makaranta, har malamansu sun gaji da ni. Wannan zane ne. Ka taɓa ganin wanda ya yi kaffara don ya ga zane?"

"Yau hoto, gobe..."

"Wa ya gaya maka wannan? Don ba maganarka ba ce, na san bakinka." Ya kau da kai, ta ci gaba. "To ko ma wa ye. In abin ya dame ka, me ya hana ka kira ni? Me ya hana ka tambaye ta? Yarinyar nan ba ta yarda ko ni in ɗauki littafin nan in share ƙarƙashinsa ba. Kai ta ba. Ta ce mini Baba ba shi da kowa a ɗakinsa."

Ya ce, "Na yi masa bango."

"Na gani. Ya yi kyau." Ta gyara mayafinta. "Ka san maganar da muka yi. Ba zan hana ta ba, ba kuma zan ja ta ba."

Ranar Lahadi, ranar da ba ya buɗe shago, ya hau jirgin ƙasa ya tafi Charing Cross. Kwandon sharar fayau, shi da kansa ya juye shi ranar Alhamis da yamma. Ya zagaya bayan gini inda manyan kwandunan suke, ya ɗaga murfi ɗaya bayan ɗaya yana tonawa da sanda, kofunan shayi da kwalaye da ragowar abinci. Wani mai gadi ya zo ya ce masa motar shara ta kwashe na ranar tun Juma'a da safe. Ya tambaye shi me ya ɓata, zobe ne? Nata'ala ya ce takarda ce.

Litinin da rana ya rufe shago ya shiga wani babban kantin littattafai da yake wucewa kullum shekara goma sha tara bai taɓa leƙawa ba. Bai san sunan littafin ba, bai taɓa tambaya ba. Ya tsaya a gaban wata budurwa mai aiki a wurin, da hannunsa baƙi da man takalmi, yana haɗa Turancinsa. Littafin yara. Tsoho. Akwai tedi. Akwai jaki. Ta ce littattafan tedi suna da yawa, wane ne kuma a ciki? Ya dubi hagu ya dubi dama, ya faɗi sunan dabbar da bakinsa. Nan take ta gane, ta yi murmushi, ta kai shi wurin. Ashe ba ɗaya ba ne, jeri ne guda, manya da ƙanana, kowa a ƙasar nan ya tashi da su. Ya buɗe ɗaya bayan ɗaya har ya ga jakin Malam Wahid da kansa a sunkuye. Ya ɗauki wannan.

A bas wata dabara ta zo masa. Zai yanko aladun daga sabon, ya liƙa su a ramukan tsohon, gaba da baya, rubutun ya koma wurinsa. Ya iya irin wannan ƙari, yana yi wa jakunkunan mata wanda ko mai jakar ba ta gane wurin. Fensirin tsohuwar ne kawai ba zai dawo ba. Amma sauran zai dawo. Abin da yake buƙata kawai a ba shi tsohon littafin kwana biyu.

Ya biya ta Rye Lane don hanyarsa ce. Issahaku ya hango shi ya ɗaga wuƙa. "Lauya! Ina abokin ka mai riga?" Da Nata'ala ya gaya masa abin da ya faru sai ya ajiye wuƙar. "Kai, Malam. Wasa nike yi fa. Yara na duka sun karanta wannan abu, yana gida yanzu haka. Kai ba ka san wasa ba?" Nata'ala ya dube shi kawai ya wuce. Ba Issahaku ne ya yanka littafin ba.

Ya kai sabon littafin Catford ranar Laraba bayan an tashi daga makaranta. Jamilatu ta buɗe, ta kira yarinyar. Na'ima ta fito da kayan makaranta, ta gaishe shi yadda aka koya mata, ta karɓa ta ce ta gode. Ba ta buɗe ba. Ya durƙusa a kan matakala, gwiwarsa na ƙara, ya yi mata bayanin dabararsa, rabi Hausa rabi Turanci, yana nunawa da hannu yadda zai yanka, yadda zai liƙa, ba za ta ga ko layi ba. Ya ce kwana biyu kawai.

Ta ce zai sake yanka wani littafin ke nan?

Ya ce don gyara ne.

Ta girgiza kai. Ta ce a'a. Ta ce ba ta so ya taɓa shi. Ta koma ciki, ya ji ƙarar ƙofar ɗakinta, ba da ƙarfi ba.

Asabar uku ba ta zo ba. Kowacce yakan dafa shinkafar, ya share ɗakin, ya zauna kusa da taga da wayarsa a kan gwiwa. Wajen ƙarfe goma saƙon Jamilatu zai shigo, kalma biyu, "Ba yau ba." Ya ci shinkafar kwana uku. Ya shirya sababbin labarai a kansa duk da haka, har da na ɗan aladen, ya ba shi suna, ya mai da shi wani ɗan autan maƙwabtansu da ke tsoron akuya. Ba wanda ya ji labarin.

A ta huɗu ta zo. Jamilatu ta ce masa a ƙasa, yarinyar ta ce sau ɗaya a wata ya ishe ta, sauran Asabar ɗin ta shiga koyon iyo. Ya ce to. Na'ima ta hawo benen a hankali, da 'yar jakarta goye a baya. Ta cire takalmi, ta zauna a bakin gado. Ya ce ta sauke jakar ta huta. Ta ce ba komai. Ya tambaye ta makaranta, ta ce lafiya. Ya ce jakin Malam Wahid yana gaishe ta. Ta yi ɗan murmushin da ake yi wa baƙo.

Ta ci abincin, ta wanke hannu, ta kalli talabijin, ta yi sallar la'asar a bayansa. Sallar ce kaɗai ta sa ta sauke jakar, kuma a gabanta ta ajiye ta, inda idonta ke kai. Tana sallamewa ta mayar da ita baya. Yana ganin kusurwar wani abu mai tauri ta tokare jakar daga ciki, bai san ko littafi ne ko wani abin ba, bai kuma tambaya ba. Haka take zuwa har yanzu, sau ɗaya a wata, daga ƙarfe goma zuwa biyar, kuma ko fensir ba ta ƙara mantawa a ɗakinsa ba.